Toka Mai Duhu ko Farin Madara: Yadda Ake Zaɓa wa Ɗaki Fenti

Saura wata biyu bikinsa, ƙanena ya same ni a unguwar Aboabo ina wanke rola, ya miƙo mini waya. Hoton wani falo ne, bangonsa toka mai duhu kamar hadarin watan Yuni, kujeru farare tas, fitilu suna zubo haske daga silin. Ya ce, "Yaya, haka nake so ka yi mini ciki da falon nan." Gwaggonmu na zaune a tabarma tana tsintar wake. Ta karɓi wayar, ta nisanta ta da fuskarta ta duba, ta ce, "Ɗan nan, amarya za ka kawo ko gawayi za ka adana? A shafa fari, ɗaki ya yi haske."

Na daɗe ina sana'ar fenti a Kumasi, daga Asawase har Tafo, kuma wannan gardamar na ji ta ba adadi. Kowannensu yana da gaskiyarsa. Sai dai ɗakin da za a shafa shi ma yana da bakin magana, kuma shi ne ba a cika tambaya ba. Ga yadda nake tambayarsa, daki-daki.

Mataki na farko: ji daga mai gida

Idan haya kake, kada ka sayi ko gwangwani ɗaya kafin ka zauna da mai gidan. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida gaba, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake biya, kuma ran da za ka tashi wasu masu gida sukan ce ka mayar da bango yadda ka same shi. Fari a kan fari shafi ɗaya ko biyu ne. Fari a kan toka mai duhu kuwa sai an yi shimfiɗa da fentin share fage sannan a bi da shafi biyu, wani lokacin uku. Ku yi wannan maganar tun farko, a gaban shaida.

Mataki na biyu: auna hasken ɗakin

Nan ne fiye da rabin hukuncin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Fenti ba ya ƙirƙirar haske, mayar da shi yake yi. Kamfanoni suna auna wannan da wata lamba da suke kira LRV, daga 0 zuwa 100, kuma a katin launuka na wasu kamfanonin za ka gan ta a bayan kowane launi. Farin madara yakan kai 80 ko sama da haka kaɗan. Toka mai duhu, irin ruwan gawayi, yakan tsaya tsakanin 10 da 15. Ma'ana, idan haske ya faɗa bango, farin zai mayar maka da kashi takwas cikin goma, tokar kuwa ta shanye kusan tara ta bar maka ɗaya da ɗan abu. Falon da ƙanena ya gani a waya yana da tagogin gilashi daga ƙasa har sama. Nasa falon taga ɗaya ce mai gilashin luba, da ragar sauro, da ƙarfen tsaro, kuma rumfar baranda ta rufe mata sama. Yawancin ɗakunan gidajen haya a zangunanmu haka suke, ƙofa da taga duk suna kallon tsakar gida, bayan ɗaki kuma katangar maƙwabci.

Fara da sanin inda tagarka take kallo. Ba ka buƙatar na'ura, ka san alƙiblarka: a Kumasi gabas ce da ta ɗan karkata arewa. Tagar da ke gefen alƙibla tana shan ranar safe, haske mai tsabta har zuwa hantsi. Ta yamma tana shan ranar la'asar, ja mai zafi, wadda kan sa farin madara ya koma kamar ruwan ƙwai na 'yan sa'o'i. Tagar arewa ko kudu ba ta cika samun rana kai tsaye ba, saboda muna kusa da tsakiyar duniya, rana ta saman kai take wucewa. Haskenta a natse yake, kuma a irin wannan ɗakin toka takan ƙara duhu fiye da yadda ka gan ta a shago.

Sai gwajin da maigidana ya koya mini tun ina yaron shago. Da misalin ƙarfe goma na safe, kashe fitila, tura ƙofa, ɗaga labule, ka je lungun da ya fi nisa da taga da littafi mai ƙananan rubutu. Idan ka karanta ba tare da ka matse ido ba, ɗakin zai iya ɗaukar toka. Idan sai ka matso taga, ka cire maganar toka a bango huɗu daga ranka. Maimaita bayan la'asar.

Kada ka manta dare. A nan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, kuma mai fita nema yawanci da dare yake ganin ɗakinsa. Ciro ƙwan fitilarka ka karanta jikinsa. Idan ka ga 6500K, farin haske ne mai ratsin shuɗi, irin wanda ya cika kasuwa, kuma a ƙarƙashinsa toka takan yi sanyi kamar bangon ofis. Mai 2700K ko 3000K haskensa ɗumi ne, yana yi wa toka kyau, amma yana ƙara wa farin madara rawaya. Mai 4000K yana tsakani, kuma shi na fi ba mutane shawara idan fari suka zaɓa. Wanda ya rayu a Ghana a 2015 bai manta dumso ba, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Ka tambayi kanka yadda ɗakin zai kasance ran da wuta ta tafi, sai fitilar caji ɗaya a kan tebur. A ɗakin fari fitilar nan takan isa a ci abinci, yara su yi karatu. A ɗaki mai toka sai dai ta haska tebur ɗin kawai.

Mutane sukan tambaye ni ko toka tana ƙara zafi. Zafin ɗakunanmu daga kwanon rufi da rashin iska yake zuwa. Fentin ciki ba ya canza shi sosai, sai dai idan rana tana faɗa wa bangon kai tsaye ta taga, to bango mai duhu ya fi riƙe ɗumi.

Mataki na uku: duba lafiyar bango

Kumasi gari ne mai ruwa. Damina biyu muke yi, babba mai tsananta a Yuni, da ƙarama wajen Satumba da Oktoba, kuma gidajen da ke kwari, kusa da rafin Aboabo da makamantansa, bangonsu yana shan danshi daga ƙasa. Durƙusa ka shafa ƙasan bango da tafin hannu. Idan ka ji fenti yana kumbura, ko wani farin gari kamar kanwa ya biyo hannunka, gishirin siminti ne danshi yake turowa waje. A farin bango ba a cika lura da shi ba. A toka mai duhu kuwa fitowa yake ɓaro-ɓaro kamar taswira, kowane baƙo sai ya gani.

Idan kana shakka, yanko leda mai faɗin kamu biyu, ka manna ta a bango da salatif ta ko'ina, ka bar ta kwana biyu. Raɓa a cikin ledar, ta gefen bango, alama ce ruwa daga bangon yake fitowa, kuma sai an nemo tushensa: famfon da ke yoyo, kwatar da ta jingina da katanga, ko indararon da ya toshe. Fenti, kowane launi ne, ba ya maganin wannan. Inda fumfuna ta yi baƙi, a wanke da ruwan bilic, wanda muke kira Parazone, kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku, taga a buɗe, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanki. Sabon filasta a ba shi kamar mako huɗu ya bushe.

Da dare, jingina tocila a jikin bango ka haska shi ta gefe. Duk tudu da kwarin da magini ya bari za su fito. Launi mai duhu, musamman mai sheƙi, yana tona su. Idan toka kake so a irin wannan bangon, ka sa kuɗin foti, wato abin cike kwarin bango, da samfefa a lissafi. Idan kuma tsohon fentin mai ne a jiki, wanda ba ka san shekarunsa ba, jiƙa shi kafin ka goga, ka rufe hanci, ka fitar da yara da mai ciki, domin tsofaffin fentin mai wasunsu suna da gubar dalma.

Mataki na huɗu: su wa za su zauna a ciki

Mutane suna zaton duhu yana ɓoye datti. Wani dattin yake ɓoyewa. Hannun yaro bayan ya ci tuwo da miyar manja, zanen biro, jar ƙasar da ake kwasowa a takalmi, maiƙon kai inda ake jingina, hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro, duk waɗannan a fari suke fitowa. Amma ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, fara ce, kuma a toka mai duhu take kwanciya kamar an barbaɗa gari. Ka sa tsumma ka goge, idan fentin marar sheƙi ne, sai wurin ya yi ƙyalli dabam da sauran bango, kuma ba ya komawa. Sabon tabo idan aka taɓa shi da burushi, a fari yakan ɓace, a toka yakan zauna kamar faci a riga.

Akwai kuma sauro. Yana son laɓewa a wuri mai duhu, kuma a farin bango da gani ɗaya ka hango shi. Ga ɗakin da jariri zai kwana, wannan kaɗai ya ishe ni in karkata ga fari. Haka ɗakin tsoho mai raunin ido.

Mataki na biyar: gano launin da ke ɓoye

Babu toka zalla, babu fari zalla. Kowanne yana da wani launi a ƙarƙashinsa. Akwai toka mai ratsin shuɗi, mai ratsin kore, da mai ratsin ruwan ƙasa. Akwai farin da ya karkata rawaya, da wanda ya karkata ruwan hoda, da wanda ya karkata toka. Ɗora katin launin a kan farar takardar rubutu, a waje cikin inuwa, ɓoyayyen launin zai bayyana.

Sannan ka kai katin wurin abin da ba zai canza ba. Tayil ko tarazon ƙasa, ƙofa, silin, kabad. Tayil ruwan madara ko ruwan ƙasa, irin wanda ya fi yawa a gidajenmu, ba ya jituwa da toka mai shuɗi, sai ɗakin ya zama kamar sama da ƙasa suna gaba. Tokar da ta karkata ruwan ƙasa ita ce abokiyarsa. Idan ɗakin amarya ne, kada ango ya yanke hukunci shi kaɗai. A tambayi masu jere launin kujeru da labule da kafet. Mun aika wa dangin amaryar ƙanena, sai ga amsa: kujeru ruwan ƙasa mai duhu, labule ruwan goro. Da mun shafa toka a bango huɗu, da kujerun sun nutse a ciki.

Mataki na shida: gwajin kwana uku

Gani ya kori ji. Zaɓi toka biyu da fari biyu, ka sayi mafi ƙanƙantar gwangwanin kowanne. Ko Azar ne, ko Coral, ko Leyland, ko Suvinil, ka gwada ainihin kamfanin da za ka saya, domin sunan launi ɗaya a kamfani biyu ba launi ɗaya ba ne. Samo falankin filawud ko kwali mai kauri, kowanne kamar rabin mita a rabin mita, ka yi masa shafi biyu, ka bar shi ya bushe sarai. Fentin ruwa yana canza fuska idan ya bushe, yawanci yakan ɗan ƙara duhu, don haka kada ka yi hukunci yana jiƙe.

Na fi son falanki a kan shafa wa bango kai tsaye saboda dalili biyu. Tsohon launin bangon yana ruɗin ido, kuma falanki ana iya ɗaukarsa. Jingina shi a bangon taga, gobe ka mayar da shi bangon da ke fuskantar taga, jibi ka kai shi lungu. Duba shi bayan asuba idan gari ya waye, da azahar, da la'asar, da bayan isha a ƙarƙashin fitila. Dare ɗaya kashe wuta ka duba da fitilar caji. Ka tsaya a bakin ƙofa ka kalle shi, domin daga nan ake fara ganin ɗaki. Kuma ka tuna launin da ya mamaye bango ya fi na falanki ƙarfi. Idan tokar ta yi maka daidai a falanki, wadda ta fi ta haske da mataki ɗaya a katin ita ce za ta yi daidai a bango.

A rana ta uku gwaggo ta shigo falon bayan magariba, ta tsaya a gaban falankin toka, ta ce wa ƙanena, "Zo ka nuna mini inda falankin ya ƙare, inda inuwa ta fara." Ya duba, ya yi shiru. Daga baya ya ce, "Yaya, to ko bango ɗaya?"

Mataki na bakwai: yanke hukunci

Ni ra'ayina a fili yake. Ɗaki mai taga ɗaya, ɗakin haya, ɗakin yara ƙanana ko tsofaffi, bango mai tarihin danshi: farin madara. Na ce na madara, domin fari fat a ƙarƙashin ƙwan 6500K yana kashe ido, kuma ƙaramin tabo a jikinsa kamar ihu yake. Falo mai faɗi da taga biyu ko fiye, silin mai tsawo, bango sumul, gidan kanka, da halin ƙara fitilu: nan toka mai duhu tana da kwarjinin da fari ba zai taɓa bayarwa ba. Na shafa ta a irin waɗannan gidajen, kuma firam ɗin ayoyi masu ruwan zinare a jikinta abin kallo ne.

Tsakanin biyun akwai hanyoyi biyu. Ta farko, bango ɗaya toka, uku fari. Zaɓi wanda talabijin zai jingina da shi, ko na kan gado. Kauce wa bangon da ke fuskantar taga, domin shi ne yake karɓar haske ya raba wa ɗaki, idan ka duhunta shi ka rufe rabin tagarka. Ta biyu kuwa iyayenmu sun riga mu saninta: a ja ɗamara daga ƙasa zuwa kamar mita ɗaya da ɗan abu da launi mai duhu wanda ake iya wankewa, sama a bar ta fara. Duk wanda ya yi makarantar gwamnati a Ghana ya san irin wannan bangon. Hannun yara da bayan kujera a ƙasa suke ƙarewa, haske kuma a sama yake yawo. Da toka mai ɗan sheƙi da layi miƙaƙƙe, ɗamarar nan tana fitowa ta zamani ƙwarai. Silin dai, kowace hanya ka bi, bar shi fari.

Mataki na takwas: lissafi da saye

Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 a 12, wato kamar mita 3.6 kowane gefe, tsawon bango mita 3. Kewayensa mita 14.4, ka ninka da 3, ka samu murabba'in mita 43. Cire ƙofa da taga, saura kamar 40. Litar fentin ruwa ɗaya takan rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafi ɗaya idan bango sumul ne, wato lita 4 kowane shafi, lita 8 shafi biyu. Bango mai kaushi ya fi haka sha. Bango ɗaya na toka kuwa bai wuce murabba'in mita 11 ba, lita 3 ta isa har da ragowa. Karanta jikin bokitin, kowane kamfani yana rubuta nasa awon.

Toka mai duhu a sa na'ura ta haɗa ta a shago, a rubuta maka lambar haɗin. Kada ka yarda a ɗiga baƙar kala a farin bokiti a juya da sanda. Na taɓa karɓar aikin da wani ya fara haka, fentin ya ƙare saura rabin bango, muka yi ta haɗi har yamma ba mu dace da launin ba, dole aka sake falon gaba ɗaya da kuɗin mai gida. Sayi duk abin da kake buƙata a rana ɗaya, idan ya wuce bokiti ɗaya ka juye su wuri guda ka gauraya. Duba murfi a rufe yake da hatiminsa. Fenti mai arha da ke barin fari a hannu idan an shafa bango, a toka ba ya wata uku bai kunyata ka ba. Araha ba ta ado.

Game da sheƙi: ɗakin kwana marar sheƙi, falo da baranda mai ɗan sheƙi wanda ake gogewa, ɗamara da ƙofa wanda ake wankewa da sabulu.

Mataki na tara: ranar shafi

Kauce wa tsakiyar hunturu idan da hali, ƙura tana manne wa ɗanyen fenti kuma iska tana busar da shi kafin rola ta haɗa layi. A tsakiyar damina kuma ninka lokacin jira tsakanin shafi da shafi. Idan don Sallah ne ko biki, a gama da mako biyu, wari ya fita, masu fenti ma ba su shiga rububi ba.

Fara da silin, sannan fararen bango, toka a ƙarshe. Ƙarƙashin toka a yi shimfiɗa da fentin share fage da aka ɗan rina toka-toka, shi ke sa shafi biyu su wadatar. Ruwan da za a ƙara kada ya wuce abin da aka rubuta a bokiti, ka tsaya a wurin lokacin da ake sirkawa. A manna salatif a kan iyakar launi biyu bayan farin ya kwana ya bushe, a cire shi kafin tokar ta ƙarasa bushewa, a hankali, don kada ya ɓanɓaro gefe. Bango ɗaya a gama shi a tashi ɗaya, daga lungu zuwa lungu, ba a tsayawa a tsakiya a tafi cin abinci. A toka, inda aka tsaya sai ya nuna.

Falon ƙanena mun yi masa farin madara a bango uku, bangon talabijin toka mai ratsin ruwan ƙasa, muka canza ƙwan fitila zuwa 4000K. Ciki kuwa fari duka. Ragowar tokar na juye ta a ƙaramin gwangwani, na rufe bakinsa da leda kafin murfi, na rubuta lambar haɗin da sunan bangon a jiki, na ba gwaggo ta ajiye a ƙarƙashin gadonta, inda rana ba ta kaiwa.